Hoton da Ke Bayan Hoto

Ranar da malamar Hausa ta ce kowa ta faɗi sana'ar gidansu, na miƙe na ce mu firam muke sa wa hotuna. Wata daga bayan aji ta ce, "Wannan ma sana'a ce? Katako huɗu da gilashi?" Aka yi dariya, na zauna. Ni bakina ba ya aiki a gaban mutane, shi ya sa na rubuta. Yanzu ina aji biyar a sakandare, amma tun ina aji uku na firamare nake aiki a zaurenmu da ke Unguwar Kanawa a Kaduna, a gefen bencin mahaifina, Malam Isyaku mai gilashi.

Aikin farko da Baba ya ba ni shi ne goge gilashi. Ba a goge shi da tsumma, don tsumma yana barin gashi. Tsohuwar jarida ake cukuikuyewa, a ɗan jiƙa ta, a goge, sannan a bi da busasshiya. In an gama sai a ɗaga shi wajen hasken ƙofa, a karkata, a duba. Akwai wani Alhaji daga Badarawa da ya kawo hoton da ya ɗauka a Makka. Na goge, Baba ya rufe, Alhajin ya ɗauka ya tafi. Bayan kwana biyu ya dawo yana faɗa, wai mun sa masa tabo a goshi. Ashe shatin ɗan yatsana ne ta ciki. Baba bai dake ni ba. Ya dai sa ni na buɗe firam ɗin da kaina, na cire ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, Alhajin yana tsaye a kaina. Abin da aka rufe a cikin firam, in ba a buɗe ba, yana nan har jikoki su gani.

Yankan gilashi kuwa na Baba ne shi kaɗai. Abin yankan muna ce masa daimon, ɗan ƙarami ne kamar alƙalami, kuma ba ya barin aljihun Baba. Sai ya tsoma bakinsa a kananzir, ya danne rula, ya ja layi sau ɗaya tak. Ƙarar kamar an yage sabon yadi. In ka ji ƙarar ta katse, ko ka koma ka maimaita layin, to gilashin zai karye inda ya ga dama, ba inda ka ce ba. Daga nan sai ya ƙwanƙwasa ta ƙasa, ya kama gefe biyu, ƙas, ya rabu. Na yi shekaru ina kallo. In na miƙa hannu sai ya ce, "Hajo, ba yau ba."

Katako ma yana da nasa hali. Wata amarya ta taɓa kawo hoton aurenta da damina, tana sauri, Baba ya yi mata da katakon da bai gama bushewa ba saboda ta matsa. Kafin kaka kusurwoyin sun buɗe baki, kyankyaso ya shiga ya ci rabin mayafinta. Tun daga ranar, ko wa ya zo sai ya jira katako ya bushe.

Da na ɗan girma aka ba ni rufe baya, kuma har yau aikina ne. Ana kifa firam, a sa gilashi a gurbinsa, a sa hoto, a sa kwali, a buga ƙananan ƙusoshi su danne. Sannan a shafa gam a liƙe da takarda mai ruwan ƙasa don kada ƙura da ƙwari su shiga. Ni ina naɗe kusurwoyin takardar ciki, yadda Inna take naɗe ƙullin daddawa. Babu mai yin haka sai ni. Baba yakan ce ko a Legas ya ga firam zai gane rufina.

Baba yana da wata ƙa'ida. In an kawo firam a canja hoto, ba ya cire tsohon, sai in mai shi ya ce a ba shi. Sabon ake ɗorawa a gaba, tsohon ya zauna a baya. Takardar hoto tana da kauri, tana hana gilashi rawa. Amma babban dalilinsa shi ne ba ya yaga fuskar ɗan Adam, ba ya kuma jefa ta a bola. Haka ya koya wajen maigidansa a Kano, haka ya koya mini.

Babban cinikinmu a lokacin na ofisoshin gwamnati ne, don kowane ofis sai an rataya hoton gwamna. Mai kawo mana aikin wani ofis da ke Doka shi ne Baba Haladu, masinja, mutumin wani ƙauye a ƙasar Zazzau. Dogo ne, yana ɗaure ƙafar wandonsa da roba saboda sarƙar keke. Shi da Baba ba sa gaisawa sai da tsiya, irin wasan nan na Bakano da Bazazzagi.

"Ina Bakanon nan? Ko ya tafi sayar da inuwarsa?"

"Shigo, bawana. Goge ƙafa, nan ba Zariya ba ce."

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, jiharmu ta zaɓi gwamna daga jam'iyyar da ake ce wa ta talakawa. Manya sun ce ba a taɓa ganin irin wannan gwamnati a nan ba, wadda take cewa a fili ita ta manoma ce da leburori, ba ta masu kuɗi da masu sarauta ba. Baba Haladu ne ya kawo hotonsa, a cikin ambulan, ya sa a ƙirjinsa ta cikin riga. Ya tsaya ya zaɓi katako da kansa. Na ga yadda yake riƙe hoton ta gefe da yatsu biyu, kamar wanda ya san aikinmu.

Ba a daɗe ba gwamnan ya soke haraji da jangali. Ranar Baba Haladu ya shigo ko sallama bai gama ba ya zauna a kan buhun ɓawon katako. Ya ce yana yaro ya ga an tsayar da mahaifinsa a rana a ƙofar gidan dagaci saboda haraji, tun hantsi har la'asar, aka kuma tafi da jakinsu. Ya ce abin da ya koro shi Kaduna ke nan.

"Yau an ce babu shi, Isyaku. Babu! Da baki kawai mutum ya ce babu, ya zama babu."

Baba ya ce, "To madalla. Sai ka koma gida ka rage mana cinkoso."

Amma majalisar jihar ba ta jam'iyyar gwamnan ba ce, ta abokan hamayyarsa ce. Duk sunayen kwamishinonin da ya aika sai su ƙi. Ya sake aikawa, su sake ƙi. Haka ya yi ta mulki babu kwamishina. Mu a zaure abin ya shafe mu ta wani wajen, domin Baba ya yanka katakon firam na hotunan kwamishinoni ya jingine a bango, har ya yi ƙura ba a zo nema ba. Daga baya muka yi wa ɗalibai firam ɗin satifiket da shi.

Wata rana da damina, bai cika shekara biyu a kan mulki ba, na dawo daga makaranta na tarar da mutane cunkushe a ƙofar zaurenmu, sun kewaye rediyon Baba. Majalisa ta tsige gwamna. Ban san kalmar ba. Na tambayi Inna, ta ce kamar yadda ake tsige gashin kaza. Wani tela maƙwabcinmu yana ta maimaitawa, "Ba soja ba fa? Ba bindiga? Zama kawai suka yi suka ɗaga hannu?" Babu wanda ya san ana iya cire gwamna haka. Mai shayin bakin titi ya bar ruwansa yana tafasa har ya ƙone. Wasu sun ce gobe zai dawo, wasu sun ce kotu za ta hana. Bai dawo ba. Mataimakinsa aka rantsar.

Bayan 'yan kwanaki Baba Haladu ya zo da firam ɗin ofishinsu a bayan keke, an naɗe su da buhu, da sababbin hotuna. Bai tsokani kowa ba. Baba ya ce masa bawa, sai kawai ya shiga kwance buhun. Aka kira la'asar, Baba ya tafi masallaci, ya bar ni ina buɗe bayan firam. Baba Haladu ya ce zai biyo shi, amma ya ɗan tsaya a bakin ƙofa yana kallona. Na ɗauki babban firam, na ofishin shugabansu. Na ɗaga tsohon hoton, na sa sabo a gilashi, na mayar da tsohon a bayansa, na ɗora kwali. Da na ɗago kai na ga idonsa a kan hannuna.

"'Yar Malam, a ciki zai zauna?"

Na ce, "Haka muke yi, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya fita. Ban gaya wa kowa ba, don ban ga abin faɗa ba.

Da aka sake zaɓe, jam'iyyar hamayya ta ci jihar. Firam suka sake dawowa, muka ɗora hoto na uku. Gurbin babban firam ɗin ya cika, ƙusoshin da kyar suka kama. Aka kuma kawo sabon shugaba a ofishin su Baba Haladu, ɗan sabuwar gwamnati. Shi ya ce a ɗauke hoton daga bayan kujerarsa a rataya shi a saman ƙofa, inda duk mai wucewa zai gani. Mai aikin firam ba zai yarda da haka ba, domin duk bugun ƙofa ƙusa tana motsi. Ba a tambaye mu ba.

Ina aji ɗaya a sakandare, wata Laraba da azahar, wani akawu ya zo zaure a guje a kan babur. Firam ya faɗo. An buga ƙofa ana tsakiyar taro da baƙi, gilashi ya tarwatse, bayan ya ɓalle, hotuna uku suka bazu a ƙasa. Wanda ya faɗi a sama, fuska a buɗe, a gaban takalmin shugaban, shi ne na gwamnan da aka tsige. Akawun ya ce an tsare Baba Haladu a ofis. Ana cewa shi ya cusa hoton, wasu na cewa asiri ne, wasu na cewa zagon ƙasa ne. Za a kore shi. Saura masa kaɗan ya kai fansho, in an kore shi kuwa babu fansho, ga 'ya'ya a makaranta.

Baba ya sa hula. Ya dube ni ya ce, "Sa hijabinki. Rufinki ne, ke za ki nuna."

Ban taɓa shiga ofis ba. Akwai darduma ja har bango, da fanka tana juyawa a hankali. Ba a share gilashin ba. Shugaban yana zaune, mai ƙiba, da tabarau a hannu. Hotunan uku suna kan teburinsa. Baba Haladu yana tsaye a gefe, hannuwa a baya, robar nan tana ƙafar wandonsa.

Baba ya durƙusa ya gaishe shi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan aikin hannuna ne. Ba na cire tsohon hoto, a baya nake barinsa. Duk firam ɗin da ke gidan nan haka yake. A sauko da kowane a gani."

Aka sauko da na ofishin akawu. Baba ya yanka takardar da reza. Hotuna uku. Aka sauko da na ɗakin jira. Uku. Masu leƙe ta ƙofa suka fara salati. Wata mai buga tafireta ta ce, "Wayyo, shekara biyu yana saman kaina!"

Shugaban ya ce, "Wa ya san ba a buɗe nawa an ƙara wani abu ba?"

Baba ya ce, "Hajo."

Na ɗauki bayan firam ɗin da ya faɗo. Na nuna masa kusurwoyin, naɗina yana nan, gam bai tashi ba, takardar ta tsakiya ta yage saboda faɗuwa. Na ce, "Ni na rufe. Ba a buɗe ba." Abu ɗaya nake roƙo, kada ya tambaye ni ko akwai wanda ya gani. Bai tambaya ba.

Ya sa tabarau, ya duba kusurwar, ya cire. Na ga kafaɗarsa ta sauka. Har ya ɗan yi murmushi ya ce wa Baba, "Kai ma da wauta. Gwamnati uku a firam ɗaya?" Aka yi dariya kaɗan. Ya juya ga Baba Haladu yana tattara takardunsa, kamar mai rufe magana.

"To, Haladu. Ashe ba ka san da shi ba. Je ka kawo tsintsiya."

Baba Haladu bai motsa ba.

"Na sani, ranka ya daɗe."

Shugaban ya ɗago kai.

"Me ka ce?"

"Ba ni na sa ba, amma na san yana ciki. A gabana aka rufe. Kullum da safe in na hau kujera zan goge gilashin, nakan ce masa ina kwana."

Baba ya ce, "Haladu!" Ban taɓa jin ya kira shi da sunansa ba sai ranar.

Shugaban ya dube shi. Ya ce, "Wa kake gaisarwa? Mai girma gwamna, ko na bayansa?"

"Na can bayan, ranka ya daɗe."

Mai tafireta ta toshe bakinta da mayafi. Shugaban ya ture hoton da bayan hannu har ya zame zuwa bakin tebur. Ya ce, "Ɗauki gwamnanka. Shi ya biya ka fansho." Ya nuna Baba ya ce, "Kai kuma kada in sake ganin katakonka a nan."

A hanyar dawowa Baba Haladu yana tura kekensa, Baba yana ta faɗa tun daga Doka har Unguwar Kanawa, ni ina biye.

"An ce ka kawo tsintsiya! Tsintsiya kawai! Na jawo yarinya ta yi magana a gaban manya, na ɓata cinikina, kai kuma ka buɗe baki!"

"Tambayata ya yi, Bakano."

"Bai tambaye ka ba, faɗa maka ya yi! Da ka yi shiru!"

"In na yi shiru na ce ban san shi ba ke nan."

"Shi ya san ka? Ya san akwai wani Haladu a duniya?"

"Bai sani ba. Amma tun da ya soke haraji, ba a sake ƙwace jakin kowa ba."

Wannan ne lokacinmu mafi muni. Labari ya zaga ofisoshi cewa mai gilashin Unguwar Kanawa yana ɓoye tsofaffin gwamnoni, aiki ya tsaya cak. Ga tsadar kaya, gilashi ya yi wuya a kasuwa. Muka koma sayen fasassun gilasan taga wajen magina, muna fitar da ƙananan firam daga ciki, na hoton jariri da na katin makaranta. Baba ya fara gyaran kujeru. Ni kuma ina miƙe tsofaffin ƙusoshi da guduma in na dawo daga makaranta.

A cikin haka Baba Haladu ya zo wata Asabar da hantsi da hoton a cikin rigarsa. Fasasshen gilashi ya karce shi a wajen hula. Ya ce yana so a sa masa firam. Gilashi ɗaya ne a zauren da zai kai girmansa, ragowar wata taga, gefensa a tsage. In an kuskure yanka, shi ke nan.

Baba ya ce, "Ni ba zan taɓa shi ba. Ya ishe ni haka." Ya juya baya yana goge ƙafar kujera. Can sai ya sa hannu a aljihu, ya ajiye daimon a kan benci ba tare da ya waiwayo ba. "Hajo, in kina so."

Na auna sau biyu. Na tsoma bakin daimon a kananzir, na danne rula da hannun hagu har yatsuna suka yi fari, na ja. Ƙarar ba ta katse ba. Na ga hannun Baba ya tsaya a kan kujerar, yana saurare. Na ƙwanƙwasa ta ƙasa, na kama, ƙas. Ya rabu a kan layi.

Da na zo rufewa, gilashin yana rawa, don hoto ɗaya ba ya cika gurbi. Na duba ko akwai tsohon hoton da zan sa. Baba Haladu ya ce, "A'a, 'yar Malam. Kada ki sa kowa a bayansa. A gabansa ma an sa ya isa." Na yanka kwali biyu na cike.

Ba a yi nisa ba, a ƙarshen shekarar, muka tashi da safe rediyo yana kiɗan soja. An kifar da farar hula gaba ɗaya. Sabon gwamnan da aka kori Baba Haladu a zamaninsa, wata uku kawai hotonsa ya yi a bango. Mutane suka sake cika ƙofar zaurenmu, tela yana cewa, "To, wannan dai da bindiga ne." Ba a mayar da Baba Haladu aiki ba. Ya je ya yi ta zarya, aka ce takardarsa ta riga ta wuce. Yanzu rake yake sayarwa a Badarawa, babban ɗansa ya bar makaranta ya shiga gareji.

Aikin ofis ya dawo mana a hankali, don gwamnonin soja ba sa daɗewa, kowane kuma da hotonsa. Akwai firam ɗin da na buɗe har na gane su da tabon katakonsu. Yanzu Baba yana tambaya, "A bar tsohon ko a cire?" Kowa cewa yake a cire. Baba yana cirewa, amma ba ya yagawa. Akwai akwati a ƙarƙashin bencinsa, suna ciki a jere, masu hula da masu kaki, fuska da fuska.

A duk firam ɗin gwamna da muka yi, ɗaya ne bai taɓa dawowa a canja ba. Da ƙaramar sallar da ta wuce na raka Baba Badarawa gaisuwa. Yana rataye a ɗakin Baba Haladu, nesa da ƙofa, yadda na gaya masa. Na karkata kai na duba gilashin a haske, babu ko shatin yatsa. Na ga cukuikuyayyar jarida a kan taga.

Baba ya ɗaga kai ya kalle shi, ya ce, "Bawana, har yanzu bai faɗo ba?"

Baba Haladu ya miƙo mini guntun rake, ya ce, "Wa zai sauke shi, Bakano? Ɗakina babu majalisa."